Ranar da Ilaitia Ya Ɗauke Vatuloa

Ina bayan ɗakin taro ina kankare kwakwa na ji maza sun tafa, irin tafin nan mai zurfi na karɓar magana, nan take na san yayana Ratu Peniasi, sarkin garinmu, ya miƙa hannu ya karɓi haƙori. Ban san abin da aka roƙa ba tukuna, amma na san an samu. Tun muna yara Peniasi bai iya cewa a'a ba. Ko alade ne ya shigo masa gida da ladabi, tashi zai yi ya ba shi tabarma.

Matarsa Unaisi ce ta fito mini da labarin, tana tafe tana fifita da faranti. Dattawan coci na gunduma ne suka zo. Bana a ƙauyenmu za a yi babban taron shekara, baƙi za su cika gari daga kowane tsibiri, kuma labarin kifin Vatuloa ya riga ya kai kunnuwansu. Sun ajiye haƙorin ƙaton kifin nan wel, wanda da shi ake kai babban roƙo a wajenmu, a gaban Ratu, sun roƙi a cire tabu, wato hanin kamun kifi, a buɗe wurin don a ciyar da bayin Allah. Wanda ya karɓi haƙori kuwa ya riga ya amsa, ba a mayar da shi, ba a cewa bari in yi shawara.

"Dauve, ajiye wuƙar nan kafin ki yanke yatsa," in ji Unaisi. Haka muke kiran juna, ni da matar yayana, kuma tsakaninmu babu kunya, zagi ma gaisuwa ne.

Na ce mata ba yatsana nake son yankewa ba.

Vatuloa shi ne dogon dutsen murjanin da ke gaban ƙauyenmu, tun daga mashigar jirage har inda igiyar ruwa ke karyewa. Shekara bakwai ko takwas ke nan ba a jefa ƙugiya a cikinsa ba, ba raga, ba mashi, ko ƙaguwa ba a ɗauka. Mu mata ne muka jawo haka. A wancan lokacin ruwanmu ya ƙare ƙarƙaf. Sai ka wuni tsaye a ruwa har gwiwa, rana ta gasa maka ƙeya, ka dawo da kifi uku da ba su kai tafin hannu ba. Muna kwana muna tashi a bakin teku, amma kifin gwangwani muke zuba wa 'ya'yanmu a kan rogo. Rannan muka haɗa duk abin da matan gari suka kama a wuni guda, muka shimfiɗa a kan ganyen ayaba ɗaya, muka aika wa Ratu yana tsakiyar dattawa. Ganyen bai cika ba. Peniasi ya duba, ya duba, da safe ya shiga ruwa da kansa ya kafa sanda, ya ɗaura mata ganyen kwakwa, alamar an rufe wurin. Mu ma dai da rashin iya cewa a'a ɗin nasa muka ci riba, ba zan ɓoye ba.

Shekarun farko an sha gunaguni. Maza suka ce mata sun rufe musu rumbu sun ba kifi mabuɗi. Daga baya bakin kowa ya mutu, don kifi bai san sanda ba. In ciki ya cika sai ya fito waje, mu kuwa muna nan a gefe da ƙugiyoyinmu. Yanzu kafin rana ta ɗaga na cika kwandona, in dawo in tarar da ruwan shayi bai huce ba. Har ƙauyukan da ruwa ke gangara wa daga wajenmu sun fara cewa tekunsu ta yi albarka, suna gode wa Allah, ba su san ta gidanmu albarkar ta bi ba.

Na kuma san abin da buɗewa ke yi. Mutanen bayan tsibiri sun taɓa rufe nasu, ya yi kyau, suka buɗe shi don bikin ɗan sarkinsu, wai na 'yan kwanaki ne. Manyan kifayen da suka manta tsoron mutum su ne suka fara zuwa su leƙa bakin mashi. Kafin a gama wanke tukwanen biki an kwashe iyayen kaf, 'yan ƙananan da suka rage in sun ga inuwar mutum sai su ɓace. Har yau matansu wurinmu suke zuwa roƙon kifin miya.

Duk wannan Peniasi ya sani. Amma ni ba ni da bakin gaya masa. Ciki ɗaya muka fito, sai dai tun da na fara ƙirgar dangi ban ƙara zama a tabarma ɗaya da shi ba, ban ƙara kallon tsakiyar idonsa ba, balle in ja magana da shi. In muka haɗu a hanya ni ke ratsewa. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan makon.

Na aika Unaisi. Ta je ta dawo ta ce ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya nuna mata haƙorin da ke rataye a bango. Ta ce ya daina cin abinci sosai, sai ya zauna a ƙofa yana kallon sanda.

"Mijin naki ya ci ko kada ya ci," na ce, "kifi dai za a ci."

"Ɗan'uwanki ne kafin ya zama mijina. Ku kuka haife shi da laushi kamar gwaza ta sha wuta, ni gadonsa na yi. In kina da dabara ki fito da ita, in ba ki da ita ki zo ki taya ni saƙa tabarmin baƙi."

Ina da dabara, amma ba na son ta.

Ɗana Ilaitia vasu ne a wannan gari, ɗan 'yar'uwar sarki. Duk abin da vasu ya ɗora wa hannu a garin kawunsa ya zama nasa, ba mai hana shi, kawun ma sai dai ya tafa ya yi godiya. Na ga irin vasun da ke zuwa da buhu wayam su koma da alade da injin jirgi, a bi su da murmushi a gaba, a tsine musu a kicin. Na rantse ɗana ba zai zama haka ba. Yana ƙarami ya taɓa rungumar zakaran kawunsa ya ce nasa ne, na kai shi bayan ɗaki na ba shi abin da bai manta ba. Tun daga ranar ko lemo bai ƙara tsinka a gonar Peniasi ba sai an miƙo masa. Ya girma, ya tafi Suva, babban birni, yana tuƙa bas, ya yi tumbi, ya auri mace mai kirki. Bayan rasuwar ubansa na dawo garin ubana, shi kuma sai Kirsimeti muke ganinsa.

Na hau tudun bayan makaranta, inda waya ke kamawa, na kira shi. Ban yi masa dogon bayani ba. Na ce ya biyo jirgi mai zuwa, kada ya tsaya sayen tsaraba.

Ya iso fuska a kwaɓe, don duk tsawon hanya amai ya yi ta sheƙawa. Mutumin da kakanninsa suka ratsa teku da kwalekwale, shi ne ruwa ke juya wa ciki kamar mai sabon shiga. Na ba shi shayin ganyen lemo, na bari ya dawo hayyacinsa, sannan na gaya masa abin da nake so. Ya ajiye kofi ya dube ni kamar na fara ruɗewar tsufa.

"Nana," ya ce, don haka ake kiran uwa a wajenmu, "ke ce fa kika kusa cire mini kunne a kan zakara."

"Na sani. Zakara na hana ka, don ban ga abin da za ka yi da shi ba sai ci."

Ya ce abin kunya ne, a zamanin nan mutum ya tashi daga birni ya zo ya ƙwace wa kawunsa teku a gaban fastoci. Ya ce za a ce uwarsa ce ta zuga shi. Na ce ai gaskiya za a faɗa. Ya ce shi rabonsa da leƙa Vatuloa tun yana makaranta, abin da ya sani duwatsu ne masu gansakuka da 'yan kifaye kamar yatsu, bai ga abin da za a ɓata zumunci a kai ba. A nan na gane ba gardama yake bukata ba. Na ɗauko gilashin ninƙaya na jefa masa a cinya.

Kallo ba ya karya tabu. Na tuƙa mu da kaina muka wuce sanda, na riƙe kwalekwale a saman mashiga, na ce ya kama gefe ya tsoma kai. Ya tsoma. Na zaci zai ɗago nan da nan ya fara ƙorafin gishiri, sai na ga ƙafafunsa sun daina motsi. Ni ba sai na leƙa ba, na san abin da ke ƙasa. Murjanin da ya sani a mace ya farfaɗo ya yi rassa, don kifayen nan masu bakin aku sun yawaita, su ke wuni suna kankare gansakukar da ke shaƙe shi. Garken kifi na wucewa har ya rufe maka ƙasa. 'Yan shak, kifayen nan masu baƙin fiffike da ke farautar sauran kifi, sun dawo suna sintiri, su kuwa ba sa zama inda babu abinci. Can a bakin rami akwai tsofaffin kifayen da muke kira kawakawa, kowace ta kai cinyar namiji, suna kwance ba ruwansu da kowa.

Ya ɗago yana haki, ya ce ɗaya ta zo har gaban fuskarsa ta tsaya tana kallonsa.

"Ta ga tumbi ne, ta zaci ɗan'uwanta ne," na ce.

Bai yi dariya ba. Na gaya masa cewa waɗannan tsofaffin su ne gari. Ƙwan da babbar uwa ɗaya ke zubawa, tarin ƙanana ba za su zuba shi ba, ruwa kuma shi ke kwasar 'ya'yan ya watsa su ko'ina, har inda ba a san sunan Vatuloa ba. Su ne kuma za su fara mutuwa ranar da aka cire sanda, don ba su san gudu ba. Kafin wata kawakawa ta sake kai wannan girman, ni na daɗe a ƙasa.

Ya daɗe yana riƙe da gefen kwalekwale. Sannan ya tambayi abin da na san zai tambaya, wato me baƙi za su ci. Momo, wato kawunsa, ya karɓi haƙori, in tukwane suka tashi wayam shi za a yi wa dariya daga nan har Suva, kuma shi Ilaitia ba zai zama sanadin wannan ba. Na ji daɗin tambayar, don ta nuna mini ban yi renon banza ba. Na ce ya bar mini wannan, ni na san ruwana.

Ranar buɗewa gari ya fito bakin teku tun da hantsi. Maza sun wasa masu, wasu sun aro raga daga maƙwabta. Rusiate, wanda ya fi kowa iya nutso a garin, yana ta zagaye yana gaya wa mutane wace kawakawa ya riga ya zaɓa. Babban fasto ya yi addu'a mai tsawo. Mu mata muna zaune a baya ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Peniasi ya naɗe zanensa ya shiga ruwa yana tafiya kamar wanda za a cire wa haƙori, don ruwa ya janye, ana iya takawa har wurin sanda.

Sai ga Ilaitia ya fito daga cikin mutane, da rigar zuwa coci, ya faɗa ruwa yana fantsama kamar saniya. Ya riga kawunsa isa. Ya kama sandar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Momo, na ɗauka. Daga mashiga har inda ruwa ke karyewa, da abin da ke ciki."

Rusiate ne ya fara magana. Ya ce wannan wasa ne, vasu alade yake ɗauka, ko jirgi, ko tabarma, abin da ake saɓawa a kafaɗa. Wa ya taɓa jin an ɗauki teku? A buhu zai sa ta ya hau bas da ita? Wasu suka yi dariya, wasu suka fara ɗaga murya. Kowa ya juya wajen tsoho Eroni, mai magana da yawun Ratu, wanda al'ada ke hannunsa. Tsohon ya sosa gemu ya ce shi dai tun tasowarsa an gaya masa abin da vasu ke iya ɗauka, ba a taɓa gaya masa abin da ba ya iya ɗauka ba. In akwai wanda kakansa ya gaya masa, ya fito ya faɗa. Ba wanda ya fito.

Ina kallon bayan Peniasi. Ya tsaya cikin ruwa har ƙauri, bai motsa ba. Sannan ya haɗa hannu ya tafa, a hankali, irin tafin godiya, kuma ban taɓa ganin mutum ya yi asara amma kafaɗunsa su sauka don jin sauƙi haka ba. Eroni ya juya ya gaya wa dattawan coci, cikin ladabin da ya fi zagi zafi, cewa Ratu ya yi alkawari da abin da yake nasa, yanzu kuwa ba nasa ba ne, sun gani da idonsu. Amma haƙori yana nan, kuma baƙi za su ci kifi.

Babban fasto mutum ne mai hankali, bai yi fushi ba. Tambaya ɗaya ya yi, daga ina.

Unaisi ta zungure ni da gwiwar hannu. "Dauve, ga tukunyarki ta tafasa. In kika ba mijina kunya, a kanki zan dafa baƙin nan."

Ba zan ce gabana bai faɗi ba. Ya faɗi. Amma shekara da shekaru ina tsaye a gefen sandar nan, na san abin da ke fitowa da abin da ke komawa. Na aika wa Eroni cewa a yi su na gayya, a fadamar ruwan da ke ƙasa da Vatuloa, wajen sanda, inda ruwa ke gangarowa. Rabon garin da irin wannan su tun kafin tabu, don na ƙarshe da aka yi, gari guda ya ja igiya wuni zubur aka tashi da abin da bai cika bokiti ba, kunya ta sa aka daina. Samari da yawa ba su taɓa gani ba.

Muka shiga daji muka saro igiyoyi, muka ɗaura su baki da baki, muka naɗe su da ganyen kwakwa har abin ya yi tsawon da ba a ganin ƙarshensa. Rusiate da farko ya zauna a gindin itace yana cewa shi mai mashi ne, ba ya wasan mata. Da ya ga har fastoci sun tuɓe riguna suna naɗa ganye, sai ya taso yana gyara wa mutane ƙulli kamar shi ya kawo shawarar.

Ana jibi taro, da safe ruwa ya cika, jirage suka ja igiya suka zagaye fadamar. Kowa ya shiga, tsoho da tsohuwa, malaman makaranta, baƙin da suka riga suka iso. Kowa ya kama wurinsa, ruwa har ƙirji, wasu har wuya. Eroni na tsaye a jirgi yana ba da umarni da sanda. Aikin ba gaggawa, ana jan igiya kaɗan-kaɗan, da'ira na tsukewa, ruwa na janyewa, ganye na kaɗawa a ƙasa yana tsorata kifi ya koma tsakiya.

An daɗe ba a ga komai ba. Ruwa shiru, sai ƙafafunmu. Aka fara kallon juna. An san cewa in mace mai ɓoye ciki ta shiga su, kifi ba ya tsayawa, don haka wata ta ɗaga murya ta ce duk mai ɓoye wani abu ta fita tun da wuri. Aka juya ana kallon amaren bana, suna ta sunne kai.

"Ku daina kallon yara," in ji Unaisi, "ga mai ciki nan wata tara kusa da ni." Ta nuna Ilaitia, wanda ke riƙe da igiya yana haɗiyar ruwan gishiri.

Dariyar ba ta gama sauka ba na ji abu ya bugi ƙaurina, sannan wani, sannan wani. Tsakiyar da'ira ta yi duhu. Ruwan da ke kwance ya fara tafasa, kifi na tsalle yana faɗa wa mutane a kafaɗa. Eroni ya yi ta buga sanda yana cewa a riƙe ƙasa, a taka ganye, kada a bar ƙofa. Aka shigo da raga ta baki ɗaya aka kora su ciki. Jirgi na farko ya cika har ruwa na neman shiga, aka kawo na biyu. Ana cikin cika shi Eroni ya dubi abin da ya rage cikin da'ira, ya dubi Peniasi, Peniasi ya gyaɗa kai. Aka ɗaga igiya ta gefe ɗaya aka bar sauran suka tafi. A garinmu, inda aka taɓa kasa cika ganyen ayaba, yau an saki kifi don ya yi yawa. Na juya baya na wanke fuska da ruwan teku don kada Unaisi ta samu abin faɗa.

Baƙi sun ci. An gasa a rami, an dafa da madarar kwakwa, an jiƙa ɗanye da lemon tsami, an kyafe saura an cusa musu a kwanduna. Matan bayan tsibiri suka kewaye ni suna tambaya wai da gaske duk wannan daga wajen sanda aka kama. Na ce su je su tambayi Rusiate, don shi ne yanzu ke ba da labarin, kuma a bakinsa jiragen sun zama huɗu. Kafin a watse na ji dattawan ƙauyuka biyu suna tambayar Eroni yadda ake kafa sanda ta zauna.

Da jiragen baƙi suka tashi, da la'asar, maza suka zauna shan kava, jiƙon saiwar da ake sha a zaman al'ada, a ɗakin Ratu don sallamar Ilaitia. Ni da Unaisi muna daga bakin ƙofar baya muna tsince ƙaya daga ragowar kifi, muna jin komai. Bayan an sha zagaye na farko Peniasi ya yi gyaran murya. Ya ce wa ɗana tun da Vatuloa ya zama nasa, gari na bukatar sanin sharaɗinsa, don kada gobe wani ya zo da haƙori a rasa abin gaya masa. Ilaitia ya ce sharaɗi ɗaya ne, ba a buɗewa. Aka tambaye shi bikin aure, ya ce a'a. Aka tambaye shi naɗin sarauta, ginin coci, zuwan manyan gwamnati, ya ce a'a. Peniasi yana ta gyaɗa kai, yana jin daɗin kalmar a bakin wani.

Sannan ya juya ƙoƙon kava a hannunsa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, kuma na san ba don ɗana kaɗai yake yi ba.

"Duk 'yar gidan nan da ta rasu, da kifin Vatuloa ake rufe makokinta. Haka aka yi wa uwarmu, haka aka yi wa kakarmu. Tun da aka kafa sanda ba a yi mutuwa a gidan nan ba, shi ya sa maganar ba ta taso ba. Ranar da uwarka ta tafi fa?"

Hannuna ya tsaya a cikin kwano. Duk lissafin da na yi, ban taɓa kawo wannan ba. Na tuna ranar da aka rufe makokin uwata, yadda aka jera manyan kifaye a kan ganye, mutane na cewa teku ma ta zo sallama. Ban taɓa shakkar cewa ni ma haka za a yi mini ba. Unaisi ta daina tsince ƙaya, ko tsokana ba ta yi ba.

Na san Ilaitia ya san ina bakin ƙofa.

"Ko ita, Momo," ya ce. "In na buɗe mata, na buɗe wa kowa. Kuma na san ta. Tashi za ta yi ta kama mini kunne."

Abin ya soke ni, ba zan yi ƙarya ba. Na haifi ɗa, na rene shi, na kira shi daga birni na sa masa teku a hannu, ga shi ya hana ni ita a gaban maza. A ƙarƙashin zafin kuma na ji wani abu mai faɗi ya zauna mini a ƙirji, don sai a lokacin na tabbata sandar nan za ta fi ni daɗewa.

Maza suka tafa. Unaisi ta share ido da bayan hannu, ta ce kada in damu, in dai na riga ta tafiya ita da kanta za ta tsaya a gefen sanda ta kamo mini na sallama, ko da guda biyu ne masu ƙaya.

Na ce mata ta dai tsaya ta gefen da ruwa ke gangarowa, kuma ta je da babban kwando.